Ranar da Mai Asansar Ya Shiga Rijiya

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Alhamis ta tsakiyar bazara ba, cikin shekarun casa'in, lokacin ina ƙaramin komi, wato akawu, a biron supurfe, ofishin mai mulkin gundumar Madarumfa. Har yau in na ga rijiya sai in ratse ta gefe, kuma ba zurfinta kaɗai ke sa ni haka ba.

Abin ya faro ne daga wata takarda da ta zo daga Yamai, ana son mutum ɗaya ya je staji, wato horo, na kwana uku kan ceton jama'a. Manyan biro duk suka noƙe saboda tsawon hanya, sai aka tura ni. Wani ajidan na pompiye, wato hafsan masu kashe gobara, shi ya koyar da mu, dogo, ba ya dariya. Ran farko gobara, rana ta biyu hatsarin mota, ta uku kuma asansar, wato ɗan ɗakin ƙarfen nan da ke hawa da sauka da mutane cikin dogon bene. (A duk Madarumfa lokacin ba abin da ya kai hasumiyar masallaci tsawo, amma haka na buɗe kaye, littafin rubutuna, na yi ta cika shi.)

Ajidan ya ce in asansar ta tsaya da mutane, ka fara yi musu magana ta bayan ƙofa, ka ji su nawa ne, ko akwai marar lafiya, ka kwantar musu da hankali. Sannan a kashe kuran, wato wutar lantarki, a tsayar da mutum ya tsare wurin kada wani ya mayar. Ba a ɓalle ƙofa da ƙarfe, ba a jawo mutum ta ƴar kafa alhali ɗakin yana tsakanin hawa biyu, don in ya motsa raba shi zai yi. Daga ƙarshe ya buga tebur ya ce, "Wanda bai iya ba kada ya sa hannu. Ya kira masu aikin, shi ya tsaya yana magana. In ba haka ba, maimakon mutum ɗaya, biyu za mu fitar."

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Benen da aka yi stajin yana da asansar, mu kuma muna hawa na biyar, amma ko sau ɗaya ban shige ta ba. Ran farko na ga ƙofar ta rufe kanta da mutane a ciki, ba wanda ya taɓa ta, na ce a raina ba da ni ba. Kullum matakala nake bi, in iso ina haki, in ce ina son motsa jini ne.

Na dawo gida da takardar shaida mai tambari. A majalisarmu ta gindin itacen bedi kuwa na buɗe baki. Ina zana asansar a ƙasa da tsinke, ina ba da labarin yadda muka ceci mutane bakwai (ba mu ceci kowa ba, a tablo, allon aji, aka zana su). Kafin wata guda sunana ya ɓace, kowa sai Mai Asansar. Ni kuma daɗi nake ji.

To, ranar Alhamis ɗin ina zaune a biro sai wani makwabcinmu ya faɗo a kan keke, ko sallama babu. "Mai Asansar, taso! Malam Hamisu ya faɗa rijiya!"

Malam Hamisu surukina ne, mahaifin matata Rabi, mutumin da ko ido ba na haɗawa da shi. Yana da garka can bayan tafki, da tsohuwar rijiya mai gaba tara. Ruwa ya ja baya, ya sauka da kansa don ya yashe ta, igiyar ta tsinke da shi kafin ya kai ƙasa.

Da na isa garkar ta cika. An riga an aika a kirawo Baba Nomau, maginin rijiya, amma yana aiki can garin Sarkin Yamma. Mutane suka dare suka ba ni hanya, ana cewa, "Alhamdu lillahi, ga wanda ya karanto abin ya zo." Rabi na tsaye kusa da mahaifiyarta, duk suna hawaye, duk ni suke kallo.

Da farko na yi abin kirki. Na kwanta rub da ciki a bakin rijiyar na ce, "Baba, kuna ji na? Ku nawa ne a ciki?"

Wata murya ta taso daga duhu. "Ni kaɗai ne, ɗana. Ƙafata ce dai."

Na miƙe na daka tsawa, "A kashe kuran!" Aka shiga kallon juna, don garkar ko fitilar ƙwai babu. Wani tsoho ya ce a hankali, "An kashe."

Saura kuma abin da ajidan ya buga tebur a kansa. Wallahi na tuna shi, yana kan harshena: a jira Baba Nomau. Amma ina zan iya cewa ban iya ba, bayan wata guda ina cika baki, ga kuma surukata ta riƙe hannun rigata tana cewa, "Allah ne ya kawo ka gidanmu"? Sai na ji bakina ya ce, "A kawo igiya."

Aka ɗaura ɗan itace a bakin sabuwar igiya na zauna a kai, aka ratsa ta kan ƙarfen nan mai juyawa da ke rataye ga gungumen bakin rijiya. Maza biyar suka riƙe, suka fara sakina.

Gaba ɗaya, gaba biyu, hayaniyar mutane ta fara nisa. Wani sanyi mai warin laka ya rufe ni. Na ɗaga kai, sararin sama ya koma kamar faifai, kawunan mutane baƙi-baƙi a gefensa. Ina cikin karanta duk abin da na haddace sai na ji ƙarar ƙarfe, igiya ta fizge, na tsaya cak. Ta zame daga kan ƙarfen ta maƙale a gefe. Suka ja, ba ta zo ba. Suka saki, ba ta tafi ba.

Ga ni rataye tsakiyar rijiya, ina juyawa a hankali kamar naman da aka rataya. Igiyar na kuka a saman kaina. Na kai ƙafa in dafa bango, sai ƙasa ta ɓalle, na ji tana zuba can ƙasa shaaa, ta daɗe kafin ta isa. Nan na tuna cewa ita ma igiyar da ta tsinke da Baba, da safen nan kowa ya ɗauka mai ƙwari ce. Na ga bangon kamar yana matsowa. Hannuwana suka jiƙe da zufa har igiyar na sulɓewa, na rungume ta, na cije ta da haƙora. Takalmina ɗaya ya fice, na ji ya sauka a kan wani abu da ba ruwa ba, abin kuma ya ce, "Wash."

A sama wani ya ce, "A samo wata igiya a fara fid da Malam, shi ke da rauni."

Ban san lokacin da na buɗe maƙogwaro ba. "A'a! Ku fara da ni! Ku fara da ni, don Allah! Baba ya riga ya ci zamaninsa!"

Rijiya kuwa ba ta riƙe sirri. Ta ɗauki maganar ta ƙara mata ƙarfi ta watsa ta cikin garka, har masu wanki a bakin tafki sun ce sun ji. Kukan mata ya tsaya.

Can sai muryar Malam Hamisu, a natse, kamar yana zaune kan buzunsa. "Gaskiya ya faɗa, ku fara da shi." Sannan ya rage murya. "Ɗana, bar shure-shuren nan, ƙasa kake zubo mini a ido. Rufe idonka. Riƙe da hannu biyu. Yawwa. To ba ni labari, wai kogin Yamai ya fi tafkinmu girma?"

Haka mutumin nan, da karyayyar ƙafa, cikin ruwa har ƙugu, da sawun takalmina a goshi, ya yi ta jana da hira. Ina amsawa ina shessheƙa. Ya tambaye ni gadar kogin, ya tambaye ni abin da suke ci, har ko albasarsu ta kai tasa. Aka ce mun yi kusan awa ɗaya a haka. Ni dai na ɗauka an yi azahar da la'asar.

Baba Nomau da ya iso bai yi wa kowa sannu ba. Ya kori jama'a daga bakin rijiyar, ya ce nauyinsu ke ɓalle ƙasa. Ya gitta wani gungumen, ya sako mini igiya mai zarge na sa a hammata, aka jawo ni kamar buhun gero. Ya kunna fitila ya zura har ƙasa ya ga ba ta mutu ba, ya ɗaure ƙugunsa da igiya biyu, sannan ya sauka. Ba a jima ba sai ga Malam Hamisu ya fito a ɗaure cikin zane, Baba Nomau na biye. Baba Nomau ya dube ni ina zaune cikin kunyar albasa da takalmi ɗaya, ya ce, "Kai ne na Yamai ɗin?" Bai kuma ƙara ba.

An yi wa Malam Hamisu ɗori, ƙafar ta warke, sai ɗan ɗingishi. Rabi ta yi kwana huɗu tana ajiye mini tuwo ba ta ce mini ci kanka ba. Ran na biyar na tattara sauran mutuncina na je na durƙusa gaban surukina, zan ba shi haƙuri. Ya ce, "Tashi. Kai ka shiga, sauran leƙe suka yi. Amma gaba in ba ka iya abu ba, faɗi tun kana sama."

Allah ya ƙara masa shekara goma sha tara bayan haka. Kowace sallah in na je gaisuwa, sai ya bari ɗaki ya cika, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, bana ma an ƙara mini."

Abin da na koya shi ne, "ban iya ba" kalma uku ce, kunyarta ta minti ɗaya ce, kuma a tsaye kan ƙasa ake faɗinta. In kuwa har tsoro zai sa ka faɗi abin da ke can ƙasan zuciyarka game da surukinka, to ka tabbata ba cikin rijiya kake ba.