Nomau da Ƙwayoyin da Ƙasa Ta Sha

A ƙauyen Kwarin Maje an yi wata tsohuwa, Inna Delu, mai 'ya'ya maza biyu. Babban, Lawandi, ya yi boko ya tare a birni, sai dai a ji muryarsa a waya. Ƙaramin, Nomau, shi ne wawan garin: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Shi ke ɗebo mata ruwa, shi ke wanke mata zane, shi ke matsa mata ƙafafu idan jijiyoyinsu suka ɗaure. Ciwon nan ya kai har salla a zaune take yi, kuma ba ta da burin da ya wuce ta sake tsayawa gaban Ubangijinta kafin ta bar duniya.

Wata rana Lawandi ya aiko direba da ƙatuwar kwalba cike da fararen ƙwayoyi, ya bugo wa Nomau waya ya ce, "Sunansa magniziyam, na jijiya ne. Duk lokacin da ta ci wani abu, ka ba ta ɗaya. Ka ji, sakarai?"

"Na ji, Yaya."

Inna ta ci tuwo, ya ba ta. Ta ɓantari goro, ya ba ta. Maƙwabciya ta ɗanɗana mata miya a bakin ludayi, sai ga Nomau tsaye da ƙwaya da moɗar ruwa. Ba a jima ba gudawa ta kama tsohuwa. Da ta gane kowace loma da ƙwayarta, sai ta kame bakinta daga abinci, ta shiga ramewa.

Wata rana Nomau ya kira yayansa yana kuka. Lawandi ya ce, "Ina cikin taro. Ka kai wa malamar asibiti abin da ke damunta ta gani." Nomau ya yi nazari. Abin da ke damun Inna ai yana cikin fo. Ya rufe fon da faifai, ya ɗora a ka, ya ratsa ta tsakiyar kasuwa. Yana sauke shi a asibiti, layin marasa lafiya ya watse, har da masu sanda.

Malama Saratu, mai duba marasa lafiya, ta toshe hanci. "Fitar mini da shi! Je ka kawo maganin da take sha!"

Da ya kawo, ta karanta jikin kwalbar ta ce, "Magniziyam iri-iri ne. Akwai mai saurin narkewa, wanda hanji ke tsotsewa ya kai wa jini. Wannan kuwa shi ne mafi araha. Kaɗan jiki ke ɗauka, sauran ya jawo ruwa ya wuce. Kada ka ƙara ba ta. Yayanka ya canzo wani."

Da saƙon ya isa, Lawandi ya yi tsaki. "Magani magani ne. Ba zan sayi wani ba sai na ga kwalbar nan wayam."

Wata rana Nomau ya koma asibiti, ya durƙusa. "Malama, kin ce kada ta sha. Yaya ya ce sai kwalba ta ƙare. To, wa zai sha?"

Malama, wadda gajiya ta isa, ta ce, "Ka ba ƙasa ta sha! Ita kuma Inna ka ba ta wake da riɗi da zogale, su ma suna ɗauke da magniziyam ɗin."

Nomau bai manta umarnin farko ba. Duk sa'ad da Inna ta ci wani abu, sai ya ɗauki fartanya ya zaga bayan ɗaki, ya sara rami, ya jefa ƙwaya ɗaya, ya bi ta da moɗar ruwa. Masu wucewa sukan leƙo ta kan danga su ce, "Nomau, yaushe za mu zo girbin kwalabe?" Shi kuwa ya ce, "Malama ba ta faɗa ba." Da Inna ta ga loma ta daina zuwa da ƙwaya, ta koma cin abinci. Cikinta ya tsaya, jikinta ya fara dawowa.

Ranar Babbar Salla Lawandi ya iso da motarsa, ya tarar da uwarsa tsaye a kan buzu tana sallar azahar, ƙafafunta na rawa, amma tsaye. Ya ɗauko kwalbar wayam ya ɗaga wa 'yan barka da salla. "Kun ga aikin ilimi? Da na bar ta da sakaran nan, da tuni an yi sadakar bakwai." Ya zaro wata kwalbar, irin ta farko sak, har ta fi ta girma.

Inna ta idar, ta shiga sa masa albarka: shi, da matarsa, da 'ya'yansa, har da motar. Nomau na tsaye bakin ƙofa yana amsa amin, yana jiran ya ji sunansa. Aka shafa, bai ji ba.

Sai da baƙi suka juya, ta miƙa wa Nomau sabuwar kwalbar ba tare da ta dube shi ba, ta ce a hankali, "Fartanya tana bayan ɗaki."

Ya karɓa da hannu biyu ya fita, domin ta riga ta ci naman salla, ƙasa kuwa tana jira.