Farautar Darakta

Wani ne a unguwarmu, can saman tudun garin Onomichi, mai sayar da tikitin jirgin fito. Shekararsa arba'in da biyar, bai taɓa aure ba. Ba shi da muni, ba shi da rowa. Ciwonsa ɗaya ne. Kana fara yi masa bayani zai ce, "Na gane, na gane," ya kama hanya. Shekara ashirin muna maƙwabtaka, ban taɓa ganin ranar da ya gane ba.

To sai zuciyarsa ta faɗa kan Natsue, mai aiki a kantin magani. Ita ce shugabar matan da ke kula da kyanwoyin titi. Su kama, su kai a yi musu aikin hana haihuwa, su saki kowace a lungunta. Masu hali ne ke ɗaukar nauyin aikin, sai a aiko wa matan takardun yin aikin kyauta a asibiti, kyanwa ɗaya takarda ɗaya. Natsue ba ta ƙi mutumin ba. Amma kowa ya san ba mai aurenta sai wanda tsohuwarta, Inna Tomie, ta sha shayi da shi ta ce ya yi. Tsohuwar kuwa shekararta saba'in da takwas, kuma abu ɗaya ya rage mata a duniya, ta ga jika.

Ranar Litinin gogan naku ya shiga kantin sayen maganin murar da ba ya yi. Ya tarar da Natsue ta yi tagumi.

"Natsue, lafiya na ga ranki a ɓace?"

"Darakta ne," ta ce.

Darakta wani ƙaton muzuru ne mai ruwan toka, kansa ya kai tukunyar shinkafa. Shekara huɗu ana bin sa ba a kama shi ba. Rabin kyanwoyin tudun nan 'ya'yansa ne, sauran rabin jikoki.

"Takarda ɗaya ta rage mana," in ji Natsue. "Ranar Juma'a da tsakar rana wa'adinta zai ƙare. In ya wuce, nan da wata uku kowane lungu jarirai ne."

"Darakta kawai? Ki bar ni da shi."

"Ka san shi?"

"Farin sani."

Bai taɓa ganinsa ba. Shi da ko kyanwa ta gitta gabansa sai ya sauya hanya.

Natsue ta ce, "In ka kai shi asibiti kafin wa'adin ya ƙare, ka zo gida ka sha shayi da Inna."

Mutumin ya ji ƙafafunsa sun bar ƙasa. Ta miƙo masa kejin tarko da takardar. Ta ce, "Tsaya in nuna maka yadda ake duba kunn..."

"Na gane, na gane."

Da la'asar ya ɗana tarkon a bayan haikali, ya sa soyayyen kaza a ciki. Bai gama gyara zama ba ya ji ƙofa ta faɗi, ƙarap. Ya leƙa. Ga muzuru ruwan toka, jibgege, yana cin kaza hankali kwance. Ko harara bai yi masa ba.

"Wannan ne ya gagari mata shekara huɗu?" in ji shi. "Ashe namiji ake jira."

Ya kai shi gida, ya buɗe takardar. Layin farko ya ce kada a ci komai daga ƙarfe takwas na dare har a gama aiki. Bai karanta layi na biyu ba. Ya ce, "Kai, mutanen nan da tsanani suke." Ga shi ya riga ya dafa shinkafa ya gasa kifi. Don kada a yi asara, sai ya tura wa muzurun duka. Da safe ma ya dafa ƙwai, ya tuna sharaɗi, ya sake turawa cikin keji.

Ƙarfe goma ya isa wurin Likita Ukai, likitan dabbobi, yana tangaɗi, leɓe a bushe.

"Likita, ga Darakta. Na kuma cika sharaɗi. Tun jiya ko ruwa ban sha ba."

"Kai ba ka sha ba. Shi fa?"

"Shi ai ya ci na mutum biyu, nasa da nawa."

Likita ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya sunkuya ya leƙa kejin, ya ce wa muzurun, "Sannu da dawowa."

"Kun san juna ne, Likita?"

"Karo na bakwai ke nan ana kawo mini shi. Ba Darakta ba ne, ɗansa ne. Bara na yi masa aiki. Tun daga lokacin ya gane tarko gidan abinci ne." Ya nuna da biro. "Dubi kunnen. Duk wanda muka yi wa, muna ɗan cire tsinin kunnensa, giɓi kamar bakin fure, don kada a yanka shi sau biyu. Namiji a dama, mace a hagu. Ka nemo mai kunne cikakke. Kuma Darakta yana da..."

"Na gane, na gane."

Ranar Laraba ya ɗauki hutu a wurin aiki. Ya wuni yana bin lunguna yana leƙen kunnuwa. Wannan da giɓi, waccan da giɓi. Can wajen la'asar ya hango wani muzuru ruwan toka kwance a kan katangar wani gida yana shan rana. Ya matsa ya duba. Ba giɓi. Kai, kunnen ma gaba ɗaya babu, ya kwanta ya manne da kai.

"Af, ka ga wayo," in ji gogan naku. "Ya ji ana yankan kunne, shi ne ya ɓoye nasa."

Bai ko ɗana tarko ba. Hannu ya sa ya ɗauke shi, muzurun ya lafe a ƙirjinsa yana ƙamshin sabulu. Har da jan ƙyalle da 'yar ƙararrawa a wuyansa. Wannan ma bai dame shi ba. Ya ce ai duk Darakta dole ya ɗaura wani abu a wuya.

Wannan karon muzurun ya kwana da yunwa, shi kuma ya ci ya ƙoshi. Da safe yana saukowa da keji ya ga takardu manne a kowane turken lantarki, da hoton kyanwa a jiki. Bai tsaya karantawa ba.

Likita Ukai ya leƙa kejin. Waya ya ɗauka.

"Malam Kuwabara? A ce wa uwargida ta daina kuka. Ga shi nan a gabana."

Malam Kuwabara tsohon shugaban makarantar firamarenmu ne. Muzurun nasa irin masu naɗaɗɗen kunne ne, ya ci gasa sau uku, kuma a ƙarshen makon nan za a kawo masa amarya tun daga Osaka. Ba a yi minti goma ba sai ga tsohon da silifas na ɗaki, gashi a tsaitsaye. Bai gaida kowa ba. Ya zaro muzurun, ya ɗaga jelarsa, ya ƙura ido.

"Ɗaya, biyu," ya ƙirga. "Ka ci sa'a."

Sannan ya juyo ya ga wanda ya yi aika-aikar.

"Kai ne? Tun kana aji uku nake ce maka ka riƙa karanta tambaya har ƙarshe."

"A yi haƙuri, Malam."

"Ba ka ga ƙararrawa ba?"

"Na ɗauka ta ofis ce, Malam."

Ya rusuna, ya sake rusunawa, ya yi ta rusunawa har Malam ya kai gida. Sai da Likita ya taɓa kafaɗarsa sannan ya miƙe, bayansa ma da ƙyar ya yarda. Likita ya kama hannun rigarsa don kada ya gudu, ya nuna masa hoto a waya. Babban kai, tabo a hanci, kunnuwa biyu a tsaye ba abin da ya taɓa su. Ya ce gobe ƙarfe goma sha biyu daidai zai rufe littafi.

Juma'a tun da hantsi ya kai tarkon bayan shagon mai kifi, inda aka ce Darakta ke karɓar gaisuwa. Ya buɗe kifin gwangwani ya zuba a can ƙurya. Na farkon zuwa shi ne ɗan Daraktan nan mai giɓi, ya zo karin kumallo. Sai da ya ba shi gwangwani guda a gefe sannan ya tafi. Ƙarfe goma sha ɗaya sai ga Darakta a kan rufin kwano. Ya zauna, ya dubi tarkon, ya dubi mutumin, ya yi hamma.

Gogan naku ya ga kamar farantin kifin ya karkace. Ya sa hannu bai kai ba. Sai ya durƙusa ya cusa kansa cikin kejin don ya gani da kyau. Haɓarsa ta taɓa abin takawa. Ƙarap. Ƙofa ta sauko ta riƙe masa ƙeya. Ya ja baya ta ƙi. Ya yi gaba fuskarsa ta nutse cikin man kifi. Da ya juya kai don ya samu numfashi, sai kunnensa ɗaya ya leƙo waje ta tsakanin wayoyi, yana ɗigar da mai.

Darakta ya sauko a tsanake. Shekara huɗu yana ganin kifi a cikin keji yana haƙura. Yau ga yanka guda a waje.

Ihun da mutumin nan ya yi, ma'aikatan jirgin fito sun ce har bakin ruwa sun ji. Amma a ba shi haƙƙinsa, kansa ne a keji, hannuwansa suna waje. Ya damƙo muzurun, ya naɗe shi cikin kwat, ya rungume. Ya miƙe da keji a kai.

Ni da idona na gan shi yana saukowa matakalar unguwarmu mai hawa ɗari biyu. Keji a wuya, jini a kafaɗa, kwat tana gurnani a ƙirjinsa. Matan unguwa suna shara suka tsaya da tsintsiya a hannu. Shi kuma ladabi bai bar shi ba, kowacce sai ya ɗan rusuna mata, kejin ya yi ƙwal a bango.

Saura minti biyar ya faɗa ɗakin Likita.

"Likita, ga shi."

Likita Ukai ya duba kwat, ya ga tabon hanci. Ya duba keji. Ya daɗe yana dubawa.

"Takarda ɗaya ce," ya ce. "Kuma a ƙa'idarmu, na cikin keji muke yi wa aiki."

"Na wajen, Likita. Don girman iyayenka, na wajen."

Aka yi wa Darakta aiki. Shi kuma aka kwance shi da filaya aka tura shi asibitin mutane. Suka tambaye shi ina guntun kunnen, a ɗinka. Ya ce yana cikin Darakta. Suka ɗinke abin da ya rage. Natsue ta je duba shi, ta yi dariya har da hawaye, amma ta riƙe hannunsa, ta ce alkawari yana nan, ya bari ciwon ya warke. Ranar nan na san da gaske tana son sa, na kuma taya shi murna har zuciyata.

Bayan mako uku aka cire bandeji. Kunnen ya warke tsaf, da giɓi a tsini, mai kyan gani kuwa, ko Likita Ukai ba zai yi wanda ya fi shi ba. Ranar Lahadi ya sa kwat sabuwa, ya sayi akwatin alewar wake, ya ja hula har wuya. A bakin ƙofar su Natsue ya cire takalma. Ya so ya wuce da hular, Natsue ta miƙo hannu. Dole ya ba ta.

Inna Tomie tana zaune a kan tabarma gaban ɗan teburi. Shekara talatin tana ciyar da kyanwoyin tudun nan. Jarida ba ta iya karantawa yanzu, amma duk mai rai da ya shigo gidan, kunnensa take fara dubawa.

Gogan naku ya durƙusa, ya tura alewar gabanta, goshinsa ya taɓa tabarma.

"Inna, na zo ne in roƙi alfarmar..."

"Ɗago kanka."

Ya ɗago.

"Juya."

Ya juya. Tsohuwar ta matso da fuska, ta kama kunnen da yatsu biyu, ta murza shi wajen haske. Sannan ta saki, ta ture kofin shayin da aka zuba masa gefe.

"Natsue, ni jika na ce miki ina so. Wannan ai an riga an yi masa."

"Inna, cizo ne," in ji Natsue.

"Shekara talatin ina ganin cizo. Wannan aikin likita ne."

Gumi ya karyo wa mutumin. Sai kuma fuskarsa ta washe, don sau ɗaya a rayuwarsa ya tuna bayanin da aka yi masa.

"Inna, a sake dubawa da kyau. Na maza a dama ake yi. Nawa a hagu yake."

Tsohuwar ta sake leƙawa, ta gyaɗa kai, ta dubi 'yarta.

"To kin ji, ashe ma mace ce. Mayar da ita inda kika kamo ta."