Sarkin Sharhi Ya Karɓi Jinya

Allah ya ja zamanin Sarkin Sharhi, mutumin da ko takardar magani ya karanta sai ya faɗi inda marubucin ya gaza! Shi ne shugaban ƙungiyar masu karatu ta unguwa, shi ne sakatare, shi ne kuma ke fara tafi idan shugaba ya gama jawabi.

Bana ya karanta wani ƙagaggen labari a kan tsofaffin da ke kwance a gidan jinya, ya sha kuka har gilashinsa ya yi hazo. Ya miƙe gaban 'yan ƙungiya, ya dafe ƙirji.

"Jama'a, littafin nan ya buɗe mini ido. Mai jinya ma abin a yi jinyarsa ne! Duk wanda bai karanta shi ba, bai san tausayi ba."

Nasa uban kuwa ya daɗe kwance da shanyewar ɓarin jiki a gidan ƙanwarsa Auta. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke canja zanen gado. Sarkin Sharhi ma yana iya ƙoƙarinsa, don ba ya fashin aiko da gaisuwa ta waya.

Da jawabin ya iso kunnen Auta, sai ta ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Za a yaye 'yarta daga makaranta, kuma har ta cire rai da zuwa.

"Yaya, tunda ka gane, ka zauna da Baba na yini ɗaya mana."

"Haba Auta! Jinya ai ilimi ce, kuma na sha shi. Je ki abinki."

Ranar ya iso yana ƙamshin turare, littafi a hammata. Auta ta so ta nuna masa inda kayan wanki suke, ya ɗaga mata hannu, wai ba a koya wa kifi iyo. Ya gyara zama, ya fara yi wa Baba bayanin jigon labari.

Bai yi nisa ba Baba ya motsa baki da ƙyar. "Fo."

"Madalla! Akwai wannan a babi na uku."

Ya buɗe ya duba yadda ake yi. Marubucin dai cewa kawai ya yi, "aka gyara tsoho," ya wuce. Sarkin Sharhi ya duba gaba, ya duba baya. Kafin ya gama bincike, mai aukuwa ta auku. Ya buɗe taga, ya buɗe ƙofa, sai ga shi a tsakar gida yana kiran Auta a waya.

Ko zama ba ta gama yi ba a wurin bikin yayen, ba a kai ga kiran sunan 'yarta ba. Ta dawo idonta jawur don takaici, ta naɗe hannun rigar bikinta, ta ɗauko ruwan ɗumi. Shi kuwa yana bakin ƙofa, hankici a hanci.

"A gaskiya littafin nan yana da rauni ta wannan fannin. Zan faɗa a sharhina."

Baba ya dube shi, ya dubi Auta, ya tattaro ɗan ƙarfin harshensa.

"Auta, karɓi littafin ki tokare mini ƙafa. Shi dai littafin ya iya zama kusa da mara lafiya."