Ƙofar da Ba Ta Jin "An Ce"

"Ina kwana, uwargida? Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi. Ciwona yanzu miji ɗan caca."

Kaka ta gyara zama, ta ƙara danne cajar kwamfutar jikanta da cinya. Tun farkon zangon karatun nan take sa masa ido. Yaro ɗan jami'a ya ƙura wa allo ido, abu ya yi ƙara, ya daka tsalle yana cewa ya ci. Ita kuwa a saninta, duk mai cewa "na ci" alhali babu kwano a gabansa, caca yake yi. Abin ya tsaya mata a rai, har ta ƙudurta kai ƙara wurin ubansa.

"Ba ni cajata, batir ya kusa mutuwa. Yau za a rufe, in ban gama ba na faɗi kwas ɗin."

"Za a rufe gidan cacar? Allah ya sa har da kwaɗo."

"Wasa ne malamar laburare ta ba mu a intanet. An kulle ka a ɗakin littattafai, kowace ƙofa da magana rubuce a jikinta. Ba ta buɗewa sai ka nemo wanda ya faɗe ta, da littafin, da shekarar."

"Wasa kuma karatu? Ni za ka yi wa wayo, da na san ka ko wando ba ka da shi?"

"Har yau ba ki ɗinka mini ba, marowaciya."

Ta harare shi. "To in ka ce wa ƙofar an ce fa?"

"Sai ta ƙara kullewa. Da ke aka saka ciki, a ƙofar farko za ki tsufa. Au, ashe kin riga."

"Tsufan da ka gani ka nace. Wa ke kallonka in ba ni ba?"

Ya durƙusa a gabanta. "Mu gwada. Wa ya ce miki caca nake yi?"

"An ce."

"Ƙofa ta ƙi."

"Mai kitso ce ta faɗa mini, kuma ba ta ƙarya."

"Ita a ina ta ji?"

"Wurin matar tela."

"Matar tela fa?"

Nan Kaka ta tuna. Shekaranjiya da ta kai ɗinki, ita da bakinta ta ce wa matar tela tana zargin yaron. Ashe maganarta ce ta zaga unguwa, ta yi ƙiba, ta dawo mata, ita kuma ta tarbe ta kamar baƙuwa.

"Ina jira, uwargida. Marubuci, littafi, shekara."

Dariya ta ƙwace mata. Ta ɗaga cinya, ta zaro cajar, ta cilla masa.

"Rubuta: ni ce, shagon tela, shekaranjiya. Je ka buɗe ƙofofinka. Amma ka bar ta ɗakinka a buɗe, ina kallo daga nan."