Albasata da Alkawarin Mai Girma

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, karatuna kuma bai wuce firamare ba. Amma abin da ya sami albasata ya fi ƙarfin shiru.

Yayata tana sayar da abinci a bakin titi. Ta ɗauke ni gwaji a kan yankan albasa, ta ce in na yi mata ɓarna zan koma wanke-wanke. Ana nan sai muka ji Mai Girma Uban Alkawura a rediyo yana rantsuwa cewa an gama ɗauke wuta har abada. Daɗi ya kwashe ni, na taka rawa da wuƙa a hannu. Na zauna na yanke albasar da za ta ishe mu mako guda, ina hawaye ina dariya, na zuba a busasshiyar roba mai murfi, na rufe gam, na saka a firij. Haka ake yi, in dai da sanyi takan yi kwanaki lafiya lau.

Ban gama wanke hannu ba aka ɗauke wuta. Allah ya ja zamanin Mai Girma, ya san firij ɗinmu ya tsufa, yana buƙatar hutu. Hutun ya ɗauki kwana da kwanaki.

Da na buɗe robar, wani tsami ya mare ni. Albasar ta yi laushi, ta saki ruwa, tana yauƙi a yatsa, farinta ya koma toka-toka. Maƙwabcinmu tela ya leƙo da hanci a toshe, ya ce in ɗauraye in soya, mai in ya yi zafi ba ya barin shaida. Wai ai haka manya ke yi da tsohon alkawari, su wanke su sake kawo mana. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Sai na tuna masu cin abincinmu, direbobi da 'yan dako, waɗanda in cikinsu ya ɓaci ranar babu aiki. Na juye ta a shara, na faɗa wa Yaya da ƙaramar murya.

Ta dube ni, ta shinshina robar, ta kau da kai.

"Ke auta, rediyo kika yarda da shi? To hancinki ya cece ki. Da kin zuba mini wannan a tukunya, ko wanke-wanken ba za ki samu ba."

Washegari na yanka daidai ta ranar, sannan na goge firij tas na jera cokula da faranti a ciki. Ban taɓa ganin kabad mai rufuwa kamarsa ba. A isar wa Mai Girma godiyata.