An Yi Mini Bene Babu Matakala

Hukuma ta yi wa gidana bene ranar Talata. Ba ta yi masa matakala ba.

Ni ban roƙa ba. Na tafi layin mai da jarkar injin markaɗen tsohuwata, uwar 'ya'yana, na wuni ina kallon ƙeyar wani ƙato, na dawo da jarkar yadda na tafi da ita. Na shigo layinmu na wuce ƙofata ban gane ta ba. Dakalina ne ya tsayar da ni. Na ɗaga kai. An ɗora falanki a kan katangata, dogo, an shafe shi da farin fenti, an zana masa tagogi har da labule. A tsakiya an rataya wani kejin ƙarfe. Ta baya kuwa sanduna ne suka tokare falankin, kamar tsoho ya fito daga jinya.

Ga dalili. Kun tuna Mai Girma Uban Ayyuka, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, ya yi alkawari lokacin neman ƙuri'a cewa zai ɗaga talaka sama? To, an ce zai bi ta layinmu a mota, kuma ba a so idonsa ya sauka a kan gajeren gida. Na yaba masa. Mutum ne mai cika alkawari. Ai bai ce da cikin gidan zai ɗaga ba.

Wanda aka turo mana wani jami'i ne mai igiya a wuya, Babban Mataimakin Mai Kula da Fuskar Gidaje. Mu Yallaɓai muke ce masa, don numfashi ba ya kai mu ƙarshen sarautarsa. Ya tara mu ya ce daga yau babu mai cewa "gida". Kalmar ta tsufa. Kowa da sunan nasa na Turanci.

"Baba, naka da bangalo ne. Yanzu ya zama dufles, mai hawa biyu."

Na ce, "Da ma bangalo ne?"

"Tun fil azal."

Na tsufa a cikin abu ban san sunansa ba. Ilimi kogi ne.

Kejin nan balkoni ne. Ɗakin mai gadi, wanda in ya miƙe ƙafa sai ya buɗe ƙofa, ya zama situdiyo. Tela da mai aski, da bango ɗaya ya haɗa gidajensu, kuma ba sa ga maciji tun rigimar magudanar ruwa, an ce nasu semi-ditach ne, wato a haɗe suke amma a rabe. Nan kam Bature ya yi gaskiya.

Na ja Yallaɓai cikin gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na nuna masa ramin da ke rufina, inda ruwa ke sauka daidai kan matashina. Ya ɗaga kai ya yi murmushi.

"Sikailayit ke nan, Baba. Manya kuɗi suke biya a huda musu rufi su ga taurari."

Na nuna masa bangon da ya zube tsakanin falo da kicin. Ya ce wannan ofin filan ne, shi ake yayi. Na buɗe masa tagar baya ya ga kwatar da ta toshe har ta zama tafki, sauro na ta biki a kai. Ya toshe hanci ya ce, "Wota furon, gidan bakin ruwa. Ka more."

Tsohuwata ta riƙe haɓa. "Ashe mu masu arziki ne, Malam, ka ɓoye mini?"

Ita balkonin ya shiga ranta. Wai ta sami wurin shanya.

Na ce, "Ta ina za ki hau?"

"Kai dai ba ka son ci gaba."

Duk wannan na haɗiye. Rigar aro ba ta rufe katara, amma in sun ce ta rufe, su da idonsu. Sai muka fito ƙofa, Yallaɓai ya ce saura fila biyu, wato ginshiƙai, ɗaya dama ɗaya hagu. Na hagun a kan dakalina zai tsaya.

Dakalin nan ni na gina shi da hannuna, shekarar da aka haifa mini 'yar fari. Simintinsa ya lotsa daidai zamana. Nan nake shan shayi. Nan nake raba faɗa. Nan nake ganin wa ya wuce bai gaishe ni ba. Tun da gwiwa ta fara gardama, shi ne kasuwata, shi ne majalisata.

Yallaɓai ya zungure shi da takalmi. "Wannan fa?"

"Dakali."

"A Turance?"

"Ban gina shi a Turance ba."

Ya buga waya sama. Na sama ya buga wa na samansa. Babu wanda ya san sunan. Ya kashe waya ya ce abin da ba shi da suna ba ya cikin tsari. Gobe za a fasa shi.

Washegari aka fara da gwaji. Ana son mutum a kan balkoni yana ɗaga wa Mai Girma hannu. Ni aka fara yi wa tayi, saboda farin gemu yana kyau a hoto. Na ce ni ba tattabara ba ne. Tela kuwa, jiki na rawa, ya saka rigar da ya ɗinka wa wani bai ba shi ba, ya hau tsani ya shiga kejinsa. Ya ɗaga hannu, aka tafa. Ashe tsanin ɗaya ne tak a duk unguwar. Aka ɗauke shi aka tafi layi na gaba.

Rana ta take. Tela yana sama. Gabansa titi, bayansa fenti. Mai aski ya fito da kujera ya zauna a inuwa.

"Mai dufles! Yaya iskar sama?"

"Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Shiga ciki mana ka huta. Ga taga nan har da labule."

Wanda ya hau motar kwaɗayi, an san tashar da zai sauka. Shi wannan ko saukar ma bai samu ba. Amma in faɗi gaskiya, mai askin ne daga baya ya jefa masa igiya ya ɗaura masa gorar ruwa. Abin da dattawa suka kasa sasantawa, balkoni ya sasanta. Na ƙara yaba wa hukuma. Tsohuwata ta leƙo ta ga tela, ba ta sake zancen shanya ba.

Sai ga lebura biyu da guduma, Yallaɓai a bayansu. Suka same ni a zaune.

"Baba, ɗan matsa."

Na kurɓi shayina.

Tsohuwata ta fito da farantin shinkafa, ta zauna gefena tana tsinta. Mai gadi ya baro situdiyonsa ya zauna. Mai aski ya taso da mutumin da yake wa aski, rabin kai a aske, suka samu gefe. Dakalin ya cika. Leburorin suka jingina guduma suna kallon Yallaɓai. Gumi ya jiƙa igiyar wuyansa. Ya koma gefe da waya, ya daɗe, ya dawo yana washe baki.

"An samu, Baba! Fatiyo ne. Ya shiga tsari, ba za a fasa ba. Sharaɗi ɗaya: in Mai Girma ya tsaya ya tambaya, ka ce, 'Wannan fatiyo ne, hukuma ta gina mini.' In ba haka ba, guduma."

Mai gadi ya raɗa mini, "Ka ce mana, Baba. Magana ce, iska za ta kwashe."

Tela ya rangaɗo daga sama, "Ka ce, don girman Allah, ko sa kawo tsani!"

Jama'a, ni ba na jayayya da manya. Ramin rufina na bar musu, su kira shi abin da suka ga dama. Kwatar ma na ba su kyauta, har da sauron. In hanya ta biyo da ku layinmu, ku ɗaga kai ku gai da tela. Amma abin da na kwaɓa wa siminti da hannuna, na san wanda ya gina shi.

Na ajiye kofi. Na gyara zama. Na dubi Yallaɓai.

"Dakali ne. Ni na gina shi. Ba zan faɗa ba, kuma ba zan tashi ba."