Kifin Kaka Mai Farin Ido

"Lafiya lau, ya gida? Ko har yanzu amaryar tawa ba ta gama barcin safe ba?"

"Amaryarka ta tashi tun kana minshari. Shigo, mijin da ba a ganinsa sai in yunwa ta koro shi."

Dogo ya sunkuyar da kai ya shiga, don ƙofar ɗakin kakarsa ba ta kai tsawonsa ba. Yankan gilashi yake yi a wani shagon tagogi, kuma shi ya haɗa mata akwatin gilashin da ke kan teburi kusa da taga, ya sayo kifayen ado jajaye da masu ruwan zinare ya zuba mata. Tun da idonta ya fara dushewa ta daina kallon talabijin, amma abu mai launi tana ganinsa. Kifayen ba su daɗe a gidan ba idon babban cikinsu ya yi fari ya kumbura. Shi ya sa yau Dogo ya bar aiki da wuri, ya biya wurin mai sayar da kifin, ya zo da ƙullin gishiri da 'yar kwalbar magani da ƙaramar raga a leda.

Ya ajiye ledar ya duƙa gaban akwatin, sai murmushinsa ya ɗauke. Ruwan ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa. Kifayen duk sun taru a sama suna buɗe baki. Mai ciwon idon yana can ƙasa a karkace.

"Kaka, me kika zuba musu?"

"Albarka."

"Bayan albarka."

"Tambayar 'yan sanda za ka yi min a ɗakina? Kai ka je kasuwa da idanunka biyu ka zaɓo min makaho. Habaici ne, na gane, na kuma ajiye."

"Garau na kawo shi. Da ya ga fuskar da zai riƙa kallo kullum ne idon ya ce shi ya haƙura."

"Fuskar nan kakanka takalminsa ya cinye a kanta. Kai kuwa da wannan wuya naka kamar sandar kaɗo mangwaro, wace ce ta taɓa waiwayowa?"

Dogo ya sa ragar ya kwaso wani abu da ya jiƙe ya kwanta a ƙasan akwatin. Ya shinshina.

"Burodi ne wannan."

"To? Ɗan tsakin nan da kake barbaɗa musu ko kiyashi ba zai ƙoshi da shi ba. Rowa a jininku take, haka kakanka yake."

"Burodin ne ya ruɓa ruwan, tsohuwa. Dubi yadda suke neman iska. Da na bari sai gobe, da gawa zan kwashe."

"Bakinka ya sari dutse."

"Mai kifin ya ce a ware mai ciwon shi kaɗai, a canza rabin ruwan, a sa masa gishirin nan kaɗan, a ɗiga wannan maganin. Abinci kuwa a ɗaga musu ƙafa. Ke kuma a ɗaure miki hannu."

"Shi mai kifin ne ya ce a ɗaure ni?"

"Wannan ni na ƙara."

Ya fita ya jawo bahon ruwan da ya tara tun jiya don warin maganin famfo ya fita, ya kawo bokiti da roba da ɗan siririn tiyo. Ya miƙa hannu bayan akwatin zai gyara wayar injin da ke hura wa kifayen iska, sai yatsunsa suka taɓa wani abu. Ya zaro. 'Yar farar kwalba ce mai koren murfi. Ya san ta, shi ya karɓo ta daga asibiti. Maganin hawan jinin ido ne da likita ya ce Kaka ta riƙa ɗigawa safe da yamma kafin a yi mata aikin cire yana. Ya girgiza ta kusa da kunnensa. Babu komai a ciki.

"Kaka."

"Kada ka cinye min sunan."

"Me maganinki yake yi a bayan akwatin kifi?"

"Shan iska."

"Sabuwa ce kwalbar nan. Yaya aka yi ta ƙare?"

"Idanuna manya ne, suna sha da yawa."

"Kalle ni ki faɗa."

"In kalle ka in ga me? Ai ko da ina gani sosai ba abin kallo ba ne kai."

Bai yi dariya ba. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta juya fuska wajen taga.

"Baƙo ne ya zo gidana da ciwon ido, ni kuma ina da maganin ido. In hana shi? Ba a haife ni a gidan rowa ba, aure ne ya kai ni."

"Tun yaushe?"

"Tun da idonsa ya fara."

"Ke kuma tun lokacin ba ki ɗiga ba."

"Ni na saba da nawa. Shi yaro ne."

Dogo ya zauna a kan dugadugansa yana jujjuya kwalbar. Mahaifiyarsa ta so ta ɗauke Kaka ta koma da ita gidanta tun da aka gano ciwon. Kaka ta ce sai dai a fitar da ita a kwance. Shi ya shiga tsakani, ya ce a bar ta a ɗakinta, zai riƙa kula da maganin. Daga baya Kaka ta kore shi, ta ce ita ba jaririya ba ce da za a riƙa bangale mata ido, shi kuma ya yarda.

"Zan kira Mama."

"Kira ta. Ni na haife ta, ba ita ta haife ni ba."

"Kin san yau ɗin nan za ta zo da mota."

"In ka kira ta na sake ka. Saki uku, babu kome."

"Mace ba ta saki."

"A gidan nan tana yi."

Ya ciro wayarsa, amma bai danna ba. Cikin akwatin, babban kifin ya ƙara karkacewa har farin cikinsa ya bayyana. Dogo ya jefa wayar kan gado.

"Bari in fara da mara lafiyar da ba ya gardama. Taso ki riƙe min roba."

"Yanzu ka san ina da amfani."

Ta taso tana dafa teburi. Ya ɗebi ruwan baho ya zuba a robar, ya narka gishiri kaɗan, ya ɗiga maganin har ruwan ya yi shuɗi-shuɗi. Ya miƙa mata. Ta kai hannu, sai hannun ya wuce ta gefen robar ya kama iska. Ta sake lalubowa ta kama.

"Kai ne kake rawa da ita," ta ce.

"Ni ne," ya ce.

Ya zura ragar a hankali ya bi kifin har kusurwa, ya tallafo shi. Yana fito da shi daga ruwa kifin ya yi wani irin tsalle da ba wanda ya zaci yana da sauran ƙarfinsa. Ya kuɓuce ya faɗi ƙasa.

"Kada ki motsa."

"Ina yake?"

"Kada ki ɗaga ƙafa, Kaka."

"Ce min ina yake."

Kifin yana nan dab da babban yatsanta na hagu, ja jawur a kan farin tayil, yana bugun ƙasa da wutsiya. Ita kuwa tana ta waige-waige, tana duba wajen ƙofa, tana duba ƙarƙashin teburi, ruwan robar yana fantsalowa a zanenta. Dogo ya tsoma hannuwansa a baho ya jiƙa su, ya durƙusa, ya tattaro kifin a tafukansa ya saka cikin robar. Ya karɓe ta daga hannunta ya ɗora kan teburi, ya jawo bakin tiyon iska ya tsoma.

Kifin ya kwanta a gefe. Kumatunsa suna buɗewa suna rufewa. Su biyun suka tsaya a kansa suna jira.

"Ya mutu?"

"Yana numfashi."

Ta koma da baya ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana murza gefen zanenta da ya jiƙe.

"A ina ya faɗi?"

"A ƙafarki."

"Ta hagu?"

"Ta hagu."

Ta gyaɗa kai. Da ta sake magana, muryar ta yi ƙasa.

"Ba kurma ba ce ni. Na ji lokacin da likitan yake gaya maka in hawan bai sauka ba ba za su yi aikin ba."

"Shi ya sa kika ba kifi."

"Wuƙa ce fa a ido, Dogo. Yanzu ina ganin jan kifin nan in yana cikin ruwa. In ka tsaya a ƙofa ina ganin tsawon banzan nan naka. In suka taɓa, wannan ɗin ma ya tafi fa? Wa zan kama?"

"Sauran maganar ba ki ji ba? Ya ce yanar ana cire ta. Abin da hawan ya cinye shi ne ba ya dawowa. Kwanakin baya da allura za ta faɗi a wurin nan da kin gan ta."

"Ƙarya kake. Allura tun bara muka rabu."

"To kifi fa?"

 Dogo ya tashi ya tsoma tiyo a akwatin, ya zuƙa, ruwan dattin ya fara gangarowa cikin bokiti. Ya kwashe sauran burodin, ya zuba sabon ruwa a hankali ta jikin gilashin. Ƙananan kifayen suka fara barin sama ɗaya bayan ɗaya. Da ya leƙa robar, babban ya miƙe, yana kaɗa wutsiya kaɗan-kaɗan.

"Baƙonki ya tashi."

"Maganina ne ya kama shi."

"Maganinki ruwa ya sha. Ga abin da za a yi. Asibitin ba su tashi ba. Mu je yanzu su auna idon, su ba da wata kwalbar. Daga yau ni zan riƙa ɗigawa da hannuna, safe da yamma. In kin ƙi, in ɗauki wayar can."

"In na je, ba za ka gaya wa uwarka ba?"

"Ke za ki gaya mata da bakinki, bayan mun dawo. Ni zan tsaya a kan a bar ki a ɗakinki."

"Ranar aikin fa?"

"Ina bakin ƙofa. In aka buɗe miki ido ni za ki fara gani."

"To ai gara a bar min yanar."

"Kaka."

"Na ji. Miƙo min mayafi da takalmi. Ba masu tsinin nan ba, kada likitan ya ce zai ƙwace ni daga hannunka."

Ya miƙa mata. Ta yafa, ta sa hannu cikin gwangwanin da ke kan akwatin kayanta ta lalubo wani abu a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, ta danna masa a tafin hannu.

"Ungo alewa. Ladan likitan kifi. Kada ka saba."

Dogo ya duba tafin hannunsa.

"Kaka, dunƙulen magi ne."

Ta tsaya cak. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa bango, tana share ido da bakin mayafi.

"Wato shi na ba mai gyaran famfo jiya, ya yi ta godiya." Ta miƙo masa hannu. "Ka ci yau, ɗan banza. Kama ni mu tafi."